Gayyar Filin Ƙwallon Silvanus

Duk wanda ya zauna da Silvanus tsawon shan kofin shayi guda, to ya ji labarin ƙwallon da ya buga a Kaduna. Wai daga tsakiyar fili ya ɗirka mata ƙafa, ta tsinke raga, ta wuce ta fasa gilashin motar wani Bature da ke tsaye yana kallo. Ba wanda ya taɓa ganin motar, ba wanda ya san Baturen, kuma tun da Silvanus ya zo kwaleji ba wanda ya ga ƙafarsa ta shafi ƙwallo. In an tambaye shi dalili, sai ya ce fili ne babu, shi kuwa ba zai wulaƙanta ƙafa irin tasa a kan tsakuwa ba.

Kwalejin sabuwa ce, reshen jami'a, an dasa ta a bayan Kafanchan a shekarar saba'in da bakwai don manyan ɗalibai, wato waɗanda suka riga suka yi digiri, suka koyar, suka dawo neman ƙarin takardar malanta. Galibinsu magidanta ne masu tumbi da 'ya'ya da ciwon baya. Duk da haka aka ce doka ce kowa ya shiga ƙungiya. Masu ganin da sauran ƙarfinsu suka shiga Ƙungiyar Wasanni, wadda Silvanus ya zama ciyaman ɗinta saboda ranar zaɓe ya ƙi yin shiru har sai da kowa ya gaji ya ɗaga hannu. Sauran suka bi Lucia, tsohuwar hedimistires daga Gwantu, suka kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo da kiɗa.

Matsalar ita ce fili ɗaya ne tak, shi ma ba fili ba ne tukuna, jeji ne na gamba da kalgo a bayan ɗakunan kwana. Silvanus na son sa don ƙwallo, Lucia na son sa don dandalin wasa. Da suka ishi Firinsifal da kai ƙara, sai ya yanke hukunci: ƙungiyar da ta fara share wurin, ta tara jama'a, ta yi wasa a kai, fili ya zama nata har abada. Ya faɗi haka, ya shiga mota ya tafi wani dogon taro a Zariya, ya bar su da halinsu.

Lucia ta sa mutanenta suna sassabe kaɗan-kaɗan kullum da yamma daga gefe guda. Silvanus kuwa ko tsinke bai cire ba, ya hau keke ya shiga gari, ya gayyato ƙungiyar ƙwallon ma'aikatan jirgin ƙasa su zo a kara. Har ya gaya wa kyaftin ɗinsu, wani dogon mutum mai suna Alexander, cewa su taho da kwando, don cin da za a yi musu ba zai ɗauku a hannu ba.

"Ciyaman, ka sa ranar wasa. Filin fa?" in ji Arzika, ɗan wani mai sayar da yadi a Jere, wanda aka ba gola don ya fi kowa faɗi.

"Fili ƙaramin abu ne. Kai dai ka koyi kama ƙwallo."

Washegari aka fito da adduna. Silvanus ya rataya usur a wuya, ya hau kan suri yana ba da umarni. Kafin rana ta yi zafi wani ya ce addarsa ba kaifi, wani ya tuna yana da jarrabawa, hannun Arzika ya yi bororo ya zauna yana hura shi. Abin da suka share bai fi wurin shimfiɗa tabarma ba, kuma daga can gefen Lucia ana ta yi musu waƙa.

Silvanus ya sauko daga kan surin, ya dafa kafaɗar Arzika. "Ka san me ya sa Allah ya yi ni ciyaman, ya yi ka gola? Ƙwaƙwalwa. Gayya zan kira."

"Wane manomi ne zai bar gonarsa a farkon damina don ya share wa ƙattai wurin guje-guje?"

"Wa ya ce zan gaya musu na guje-guje ne? Gona zan ce. Suna gama sharewa na busa usur, a ci abinci, kowa ya kama gabansa. Sai mu kafa raga."

Arzika ɗan kasuwa ne, bai san gayya ba sai a labari, don haka ya ga dabarar ta yi. Silvanus shi ɗan manomi ne, amma tun yana ɗan firamare ya ƙware wajen ciwon ciki a duk ranar da za a je gona.

Ƙauyen da ke maƙwabtaka da kwalejin unguwa biyu ne, Ungwan Dutse da Ungwan Rafi. Coci ɗaya suke zuwa, kasuwa ɗaya suke ci, suna auren juna, amma in Ungwan Dutse ta ce gari ya waye, sai Ungwan Rafi ta leƙa waje ta tabbatar. Silvanus ya ɗaura lakatai ya fara sauka a gidan Baba Zamani, dattijon Ungwan Dutse. Lokacin kuwa rediyo ba ta da magana sai ta shirin gwamnati na Ciyar da Ƙasa.

"Baba, kun ji abin da gwamnati ya ce. Kwaleji zai yi gona, babban gona, kuma ni aka ɗora wa wannan kaya."

"Madalla, malam. Da ma muna tambaya, ku 'yan boko takarda za ku ci? Za mu zo."

Daga nan ya gangara wurin Baba Kumai na Ungwan Rafi, ya rage murya ya ce shi dai ya zo gaisuwa ne, don Ungwan Dutse sun ce su kaɗai ma sun isa gayyar gonar Ciyar da Ƙasa da kwaleji za ta yi, ba sai an wahalar da tsofaffi ba.

"Zamani ne ya faɗa haka?" in ji Baba Kumai. "Mutumin da huɗan shi na tafiya kamar maciji? Ka sa rana."

Don ya ƙara wa wuta mai, Silvanus ya yi alkawarin bunsuru ga unguwar da ta fi aiki. Ya dawo kwaleji yana taku ɗai-ɗai, ya wuce kai tsaye wurin Lucia, domin gayya ba ta yiwuwa ba kiɗa, ganguna kuwa duk a hannunta suke.

"Malama Lucia, aron makaɗanki na zo."

"Don ka ƙwace mini fili da ganguna na?"

"Don ki samu abin gaya wa jikokinki, cewa da ke aka yi."

"Na ji wai gayya ka kira. Ka taɓa kiran gayya, Silvanus?"

"Ni da na tsara taron da ya tsayar da motoci a Kaduna?"

"Ka gaya musu abin da za ka yi da wurin?"

"Wannan sirrin ciyaman ne."

Lucia ta dube shi tun daga lakatai har takalmi. Sai ta ce ya ɗauki makaɗan duka, har da mai ƙaho, kuma ita da kanta za ta janye mutanenta daga gefen da suke sharewa don kada su tare wa baƙinsa hanya. Da Silvanus mai lura ne, da wannan saurin yarda ya hana shi cin abinci. Shi kuwa ya fita yana gaya wa kowa cewa matar ta sallama.

Ranar gayya, tun raɓa ba ta bushe ba unguwannin biyu suka iso, kowace da layinta. Aka yi addu'a, aka raba wurin biyu da igiya, ganga ta tashi. Abin da ya gagari masu digiri sai ga shi yana kwanciya kamar ana naɗe tabarma. Gamba ta faɗi, kalgo ya tafi, aka tumɓuke kututture, aka rushe har surin da ciyaman ke hawa. Kafin hantsi ya ɗaga sosai, ga fili nan shimfiɗe, ja wur, sumul, wanda ko a Kaduna sai an tona kafin a samu irinsa. Daɗi ya cika Silvanus har ya ji ƙwalla. Ya taɓo Arzika ya ce masa ya kalli ƙwaƙwalwa tana aiki, sannan ya ɗaga usur ya busa da dukan ƙarfinsa.

Mazan suka ajiye adduna. Suka juya suka nufi bakin fili, kowa ya ɗauko garmarsa.

Silvanus bai ma lura sun zo da garemani ba. Kafin ya haɗiye yawu an jeru, an duƙa, ƙasa ta fara tashi. A wurin manomi sassabe share fage ne kawai, huɗa ita ce aikin, kuma a kanta ake cin bunsuru. Ya sake busa usur. Ashe a gayyar wannan ƙauye da usur ake zuga majiya ƙarfi, sai layin Ungwan Dutse ya ƙara wuta. Ya busa sau biyu a jere, Ungwan Rafi suka amsa da guɗa, suka wuce su.

Ya ruga tsakiyar fili yana ɗaga hannu biyu. "Ya isa haka. Jama'a, ya isa, na gode."

"Kun ji ɗan mutunci," in ji Baba Kumai. "Yana tausayin mu. Ku ƙara."

Haka al'adar take, mai gayya ya ce ya isa, 'yan gayya su ƙi ji, don a san ba don tuwonsa suka zo ba. Duk sanda Silvanus ya roƙa, sai a ƙara yaba tarbiyyarsa a ƙara saurin garma. Ya je ya tsaya ƙyam a gaban wani ƙato ɗan Ungwan Dutse, ƙaton ya kewaye shi da huɗa ta dama, wani ya kewaye shi ta hagu, suka bar shi a kan ɗan tsibiri da ƙasa cike da takalmi. Ya tsallake ya nufi makaɗa.

"Ku tsaya. Ni na ɗauko ku, na ce ku tsaya."

"Ciyaman, Malama Lucia ya ce kada mu ɗaga hannu sai an gama," in ji mai babbar ganga, bai ko rage bugu ba. "Ya ce kada mu zubar mata da mutunci a gaban baƙinka."

Hanya ɗaya ta rage, ya fito ya faɗi gaskiya. Ya dubi ƙattan da gumi ke tsiyaya a bayansu, ya dubi bakin garemani yana walƙiya, ya ga cewa gaskiya za ta iya jira.

Yana cikin wannan hali ya ji waƙa daga bayansa. Zumuntar Mata ce ta cocin ƙauyen, sun sha zane iri ɗaya, wasu da tulunan kunu a ka, wasu da ƙore cike da irin gyaɗa. A gabansu Mama Angelina, shugabarsu, gajeriyar mace wadda ko Fasto ba ya katse ta in tana magana.

"Mama, kunu kawai na roƙa," in ji Silvanus.

"Ga kunu. Amma gonan da aka huɗa ba ya kwana ba iri, ɗana. Wannan irin zumunta ne, mun ajiye tun bara. Kwandon farko na Ubangiji ne ranar bikin godiya, sauran ku ciyar da ƙasan ku."

"Ai gwamnati zai aiko da nashi iri, na musamman, daga Ingila."

"In ya zo ku soya ku ci."

Ta ɗaga hannu aka yi shiru, ta yi doguwar addu'a a kan gonar, ta roƙi Ubangiji ya tsare ta daga ɓera da biri da ƙafar mugu. Silvanus, da idonsa a rufe, shi ma ya ce amin. Matan suka bi kunyoyin a jere, diddige na tona rami, hannu na jefa iri, ana waƙa. Kafin la'asar an shuke filin ƙwallon kwaleji tun daga inda raga ɗaya za ta tsaya har zuwa ɗayar. Suna gamawa hadari ya haɗu, aka sheƙa ruwa mai kyau, kowa ya ce hannun malam na da albarka.

Saura bunsuru. Baba Zamani ya ce su suka fara kaiwa ƙarshe. Baba Kumai ya ce ai kowa na iya gudu in huɗarsa ba zurfi. Aka juyo kan Silvanus ya raba gardama. Ya ce a yanka a raba biyu, duka ɓangarorin suka dube shi kamar ya zagi kakanninsu. A ƙarshe dattawan suka daidaita a kan abu ɗaya, wanda rabonsu da yin haka an daɗe: a bari sai kaka, gefen da ya fi ba da gyaɗa shi ke da bunsuru. Kafin nan bunsurun ya zauna a hannun malam. Haka aka ɗaure shi a tagar ɗakin Silvanus, abokan kwanansa suka kwashe katifunsu suka koma wani ɗaki saboda wari.

Gyaɗa ba ta san da wasan ƙwallo ba, ta tsiro abinta, layi-layi, kore shar. Lucia ta riƙa biyowa ta gefen da safe.

"Ciyaman, ina kwana? Yaya ciyawar filinka? Na ga ta fito a jere, irin ta Ingila ce?"

"Ki yi dariyarki. Mai dariyar ƙarshe yana nan."

"Ka gaishe shi in ka gan shi."

Sabuwar dabara ta zo masa ranar Lahadi, lokacin da duk ƙauyen ke coci. Ya samo duro, aka cika shi da ruwa, aka toshe. Ya ce da Arzika in suka mirgina shi a kan kunyoyin, kafin a tashi sujada fili ya koma sumul, in ya so sai a ce shanun Fulani ne. Arzika ya ce shi ba ya son a ɗora wa bayin Allah laifi. Silvanus ya ce to a ce iska ce. Suka tura duron ya hau kunya ta farko, ya faɗa kwari ya ƙi fita. Suka tura, suka yi nishi, Silvanus ya ce a bar masa shi kaɗai ya nuna yadda ake yi. Ya ja da baya ya rugo ya banke shi da kafaɗa. Duron ya juya ya miƙe, ya kama gangara, ya bi ta gefen Ungwan Rafi yana niƙe huɗa, har ya tsaya a cikin rafi. Silvanus na kwance a inda duron ya baro shi sa'ad da ƙararrawar tashi daga coci ta kaɗa.

Baba Kumai ya iso da rigarsa ta Lahadi da Littafi a hammata. Ya dubi ɓarnar, ya dubi Silvanus.

"Me Zamani ya ba ka?"

"Baba, ba ɓarna ba ne. Sabon fasaha ne na Kaduna. In aka danne ƙasa, gyaɗa na yin 'ya'ya ninki biyu."

Baba Zamani, da ya biyo baya don ya more kallo, fuskarsa ta sauya. "Ninki biyu? To mu me muka yi maka da ka hana mu? Me Kumai ya ba ka?"

Da ƙyar Mama Angelina ta raba su. Ta ce ba Kaduna ba, ko daga Urushalima fasahar ta zo, kada wanda ya sake taka gonar da aka yi wa addu'a. Daga ranar kowace unguwa ta riƙa aiko da mutum yana gadin gefenta, ba don tsoron biri ba, don tsoron malam.

Ranar wasa ta matso. Arzika ya ba da shawara a aika wa 'yan jirgin ƙasa cewa an ɗaga. Silvanus ya ce shi bai taɓa ɗaga komai ba a rayuwarsa sai kofi. Ya lura ranar ta faɗo a ranar babbar kasuwa, duk ƙauyen har da masu gadi za su tafi cin kasuwa a cikin gari. Firinsifal bai ce sai fili ya yi sumul ba, cewa ya yi a tara jama'a a yi wasa. In aka busa usur aka buga aka tashi kafin 'yan kasuwa su dawo, magana ta ƙare, fili ya zama na Ƙungiyar Wasanni.

Dabarar ba ta da laifi, in da mai ita zai iya riƙe bakinsa. Amma Silvanus ya kasa jure a ce zai ci ƙwallo ba taro. Da safen ranar ya ɗauki mai shela, ya sa shi ya zaga kasuwar da lasifika yana sanar da cewa yau gwanin Kaduna zai koya wa 'yan jirgin ƙasa hankali a sabon filin bayan kwaleji.

Da azahar lorin baƙi ta iso. Alexander ya diro da takalmin ƙwallo rataye a wuya, ya tsaya yana kallon raga biyu na gora da aka kafa a cikin gyaɗa.

"Oga ciyaman, ina fil ɗin?"

"Kana kai."

"Wannan gona ne."

"Wannan filin horo ne na zamani. In kuna tsoro ku faɗa."

'Yan jirgin ƙasa suka dubi juna, suka ce tun da an ƙona mai an zo, a buga. A daidai lokacin motar Firinsifal ta shigo daga Zariya, tare da wani babban baƙo daga ma'aikatar ilimi da ya biyo shi don ganin sabuwar kwaleji. Aka kawo musu kujeru. Firinsifal ya buɗe baki zai yi tambaya, Silvanus ya yi wuf ya sa aka busa usur.

Wasa irin wannan Kafanchan ba ta taɓa gani ba. In aka buga ƙwallo a tsaye sai ta bi kwari ta miƙe ɗoɗar ba mai iya tare ta, in aka buga ta a gicciye sai ta yi tsalle ta dawo wa mai ita a fuska. 'Yan jirgin ƙasa suka gane abin da wuri, suka riƙa saka ta a kwarin da ya nufi ragar Arzika. Arzika ya tsaya a kan tudun kunya yana jiran ta ta sama, ta wuce ta ƙarƙashinsa. Ya sauka cikin kwari, ta daki tudu ta wuce ta kansa. Masu digiri kuwa suna gudu suna tsallake huɗa da tumbinsu, wanda ya faɗi sai ya ga kwanciyar ta fi masa, ya ƙi tashi.

Silvanus ya yi ta kewaye nesa da ƙwallo yana ba da umarni, har ƙaddara ta gangaro da ita ta tsaya cak a gabansa. Jama'ar kwaleji suka ɗauki kiran sunansa, wasu na cewa a kawar da motar Firinsifal. Ba makawa. Ya ja da baya, ya gyara wando, ya rugo ya saki ƙafa da dukan ƙarfinsa. Ƙafar ta nutse cikin huɗa har idon sawu, takalmin ya zauna a ciki, shi ya wuce gaba ya sauka da haɓa a kwari na gaba. Ƙwallo tana nan inda take, ko motsi ba ta yi ba.

Da ya ɗago kai ya share ƙasa daga ido, ba dariya ya ji ba, shiru ya ji. Shelarsa ta yi aiki. Ungwan Dutse na tsaye a dama, Ungwan Rafi a hagu, sun baro kasuwa, sun biya gida sun ɗauko garemani. Zumuntar Mata suka ratsa tsakiya ba tare da sun taka ko ganye ɗaya ba, suka zazzauna a cikin kwari. Mama Angelina ta ɗauki ƙwallon ta sa a ƙwaryarta ta rufe da faifai. Alexander ya tattara mutanensa a hankali suka koma kusa da lori.

"Ranka ya daɗe," in ji Baba Zamani ga Firinsifal, "wannan malamin ku ya zo gida na ya ce gona. Mun bar namu aiki mun zo."

"Ya ce Ciyar da Ƙasa," in ji Baba Kumai. "Yau mun ji a kasuwa wai filin ƙwallo."

"An yi addu'a a kai," in ji Mama Angelina. "Shi ma ya ce amin, na ji shi."

Baƙon ma'aikata ya gyara tabarau ya ce shi dai ya zaga makarantu da yawa bai ga gonar gyaɗa mai kyan wannan ba, abin da bai gane ba shi ne dalilin da ya sa ake tattake ta. Firinsifal ya miƙe ya yafito Silvanus. Ya zo yana ɗingishi, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya da safa.

"Silvanus, tambaya ɗaya ce, kuma a gaban kowa za ka amsa. Wannan wuri filin ƙwallo ne, ko gona?"

In ya ce fili ne, ya ci gasar, don ga jama'a ga wasa an yi. Amma ya tabbatar wa unguwa biyu cewa ya sa su gumi a kan ƙarya, kuma garemanin nan ba ado aka ɗauko su ba. In ya ce gona ce, fili ya tafi. Ya dubi Arzika, Arzika ya dubi sama. Ya dubi Lucia, ta yi masa murmushi ta gyara zama. Wani ƙato a layin Ungwan Rafi ya sauke garmarsa daga kafaɗa ya dogara ta a ƙasa.

"Gona ne, ranka ya daɗe."

"To ƙwallon fa?"

"Gwajin ƙasa ne. Muna duba ƙarfin huɗa." Da ya ji muryarsa ta dawo, sai halin ya motsa. "Ai ni tun farko gona na nufa. Noma a jinina yake. A gidanmu in na duƙa tun safe, sai an aiko a roƙe ni kafin in ɗago. Ƙwallo ai wasan yara ne."

Baƙon ya tafa, ya ce irin waɗannan malamai ƙasa ke nema. Firinsifal, wanda ya gane komai kuma ya ga hanyar fita, ya sanar nan take cewa wurin ya zama gonar kwaleji, Ƙungiyar Wasanni ta zama Ƙungiyar Manoma, ciyaman ɗinta kuma yana nan a kan kujerarsa. Lucia ta tashi da ladabi ta ce ita ba ta da ja, ƙungiyarta za ta yi maneji da ɗakin cin abinci, kuma ƙofarta a buɗe take ga duk mai son shiga. Arzika ne ya fara tsallakawa, ya ce da ma tun yana yaro ake cewa yana da murya. Sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ke kwance a kwari.

Lorin 'yan jirgin ƙasa ta tashi. Mama Angelina ta zaga ta duba inda aka tattake, ta dawo ta ce gyaɗar za ta tashi in an gyara huɗar yau, kuma ga ciyawa ta fara ɗago kai, noman firi na cire ta ba ya jira. Baba Zamani ya ce Ungwan Dutse ba za ta taɓa ba, kada a ce ta yi wa gefenta gata. Baba Kumai ya ce Ungwan Rafi ma haka. Aikin mai gona ne, ya yi wa kowane gefe daidai, su kuma za su zauna su gani.

Aka miƙo wa Silvanus garma. Ya karɓa ya juya ta, ya riƙe ta ta inda ba a riƙewa. Jama'ar da suka zo kallon ƙwallo ba wanda ya tafi, sai ma gyara zama da aka yi, baƙon ma'aikata ya matso da kujerarsa gaba.

"Malam, ka duƙa," in ji Baba Kumai. "In lokacin ɗagowa ya yi, za mu aiko a roƙe ka."